Haƙƙin da Iya Larai Ta Tafi da Shi

"Peace, tashi ki shiga ɗaki," na ce.

"Mama, ai ba ki gama ba. Saura wuyana."

"Na ce ki shiga."

Ina zaune ne a kan 'yar kujera a bakin ƙofarmu, hannun yarinyar a kan cinyata, ina murza mata man kaɗe a inda wuta ta ci ta, lokacin da na hango Iya Larai ta fito daga ɗakin Maman Faith da farantin alewa a hannu. Tun safe take bin gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Jibi za ta tafi aikin Hajji, kuma al'adarsu ce mai tafiya ya zagaya ya nemi yafiyar maƙwabta, tunda ba wanda ya san ko zai dawo. Ƙofarmu ta bari a ƙarshe. Na lura da haka, ita ma ta san na lura.

Peace ta shige tana jan ƙafa, idonta a kan alewar. Iya ta ƙaraso ta tsaya a gabana. Tsohuwa ce gajera mai faɗin fuska, ƙafafunta sun ɗan kumbura har igiyar silifa ta yi musu shata. Ban ba ta wurin zama ba. Tun da na yi wayo ban taɓa barin babba a tsaye ba sai ranar.

"Sannu da aiki, Maman Peace."

"Yawwa, Iya."

"To 'yata, ga ni na zo. Allah ya kira ni ɗakinsa. Mun daɗe tare, kuma ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, don Allah ki yafe mini."

Ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Haka na ji ta faɗa wa mai guga na bakin layi, haka ta faɗa wa Maman Faith, wadda iyakar abin da ya taɓa haɗa su shi ne kajin Iya da suka cinye mata ganyen ugu. Wato ni da ganyen ugu da mudu ɗaya aka auna mu.

"Wanne ne kika sani, Iya?"

"Na'am?"

"Kin ce wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Wanda ba ki sani ba na yafe tun yanzu, kyauta. Wanda kika sani nake tambaya. Faɗe shi in ji."

Ta kalli labulen da Peace ta shiga, ta mayar da ido ƙasa.

"Haba 'yata. Abin da Allah ya ƙaddara..."

"To ki je ki nemi yafiyar ƙaddara. Ni ba ni da abin da zan ba ki."

Na rufe gwangwanin man, na shiga ɗaki, na saki labule. Ta daɗe a tsaye, ina ganin silifarta ta ƙasan labulen. Da ta tafi, na tarar ta bar alewa a kan kujerata. Na watsa ta a kwata.

Bari in gaya muku abin da ya faru, kada ku ce ni mace ce mai riƙo a kan banza.

Iya Larai tana cikin Musulmi 'yan kaɗan da suka rage a ɓangarenmu na Mahuta. Lokacin da danginta suka kwashe suka koma tsallaken kogi bayan rikici, ita cewa ta yi gidan da mijinta ya gina da gumin masaƙa ba za ta bar shi ba, kuma ba wanda ya taɓa ta. Kowa Iya yake ce mata. Da na haifi Peace, uwata tana kwance ba lafiya a Zonkwa, Iya ce ta yi mini wankan jego. Tana da tebur a ƙofar gida, tana sayar da gawayi da ashana da kalanzir a kwalabe. Ta tsufa a wannan sana'a, kuma ita da kanta ta koya mini yadda ake gane mugun kalanzir. Ina amarya ta kama hannuna ta ɗiga mini a bayansa, ta ce, "Kin gani? Na kirki zama yake yi, yana maiƙo. Idan ya bushe nan take ya bar miki sanyi, an gauraya shi da fetur. Ko kyauta aka ba ki kada ki kai shi gida."

Da kalanzir ya yi wuya a gari, wasu samari suka fara kawo shi a jarka a bayan babur, ba wanda ya san daga ina. Wata rana da yamma na je na sayi kwalba ɗaya a wurin Iya. Ban gwada ba. Wa yake gwada abin da ya fito daga hannun Iya? Na zuba a risho, na ɗora ruwan tuwo, na ƙyasta ashana. Peace tana da shekara uku, tana tsaye riƙe da bakin zanena kamar yadda ta saba.

Ni gashin gabana da girata kawai suka babbake. Wutar ta ƙasa ta bi, ta inda yarinyar take. Ba zan ba ku labarin ihun ba. Ba zan ba ku labarin watannin asibiti ba, da yadda ake danne ta ana wanke ciwon, tana kiran sunana, tana kallona ina cikin masu danne ta. Ga dai hannunta na dama nan, daga wuyan hannu har kafaɗa, da gefen wuyanta. Fatar ta tattare, tana ƙaiƙayi idan garin ya yi zafi, kuma hannun ba ya miƙewa sosai sai ana murza shi safe da yamma. Aikina ke nan shekara uku.

Washegarin abin, Maman Faith ta ga Iya da sassafe tana tuttule sauran jarkar a kwata. Daga ranar ba ta ƙara sayar da kalanzir ba. Ta yi ta zuwa asibiti da kunu a fulas, ta zauna a gefen gado tana jan carbi, tana cewa, "Ƙaddara ce, 'yata, a yi haƙuri." Ni kuma ina kallon bayan hannunta.

Peace ba ta san komai ba. Abin da ta sani shi ne risho ya fashe. Tana son Iya kamar me. Da na juya baya sai in same ta a gindin teburin tana cin ƙuli-ƙuli, suna hira kamar sa'anni. Ban taɓa gaya mata ba, don ban ga amfanin in ƙara mata wani ciwo a kan wanda take ɗauke da shi ba.

Kafin mijina Wilson ya dawo daga aikinsa a Kudenda, labari ya riga ya tarye shi a bakin titi. Ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Becky, me kika yi wa tsohuwar nan? Duk layi maganarki ake yi."

"Tambaya na yi mata."

"Tambaya! Mace za ta tafi Makka, ta zo har ƙofarki ta sunkuyar da kai. 'Na yafe' kawai za ki ce, me zai rage ki da shi?"

"Kai ka yafe?"

"Tun a bakin titi na ce mata Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

"To ai an gama. Ta samu na uban yarinya, me za ta yi da nawa?"

"Abeg, Becky..."

"Kada ka yi mini abeg, Baban Peace. Ranar da ake kankare mata fata kai kana waje kana latsa waya, ka ce ba ka iya gani. Ni na gani. Ni na riƙe ƙafafunta."

Ya zauna ya cire takalmin.

Da safe Maman Faith ta zo. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma idan ta ɗaura kallabi irin na ranar, to ba aron gishiri ta zo yi ba.

"Maman Peace, kowace Lahadi kina roƙon a gafarta miki kamar yadda kike gafarta wa wasu. Da wane baki za ki faɗa wannan satin? Kuma ki duba, ita kaɗai ce Musulma a cikinmu. Za a ce don addininta ne."

"Addininta? Matar da ta yi mini wankan jego? Matar da nake cin naman Sallarta duk shekara? Mama, da fasto ne ya sayar mini da kwalbar nan, tambayar da zan yi masa ke nan, a ƙofar coci kuwa. Ke kika gan ta tana zubar da jarka. Ke kika gaya mini."

"Na gani, amma ai..."

"To ki yafe mata ugunki, ki bar mini nawa."

Ranar tafiya ɗanta Isiyaku, wanda ya biya mata kujerar Hajjin, ya zo daga Abuja da mota. Layi ya cika. Iya ta fito cikin atamfar alhazai da farin hijabi har ƙasa, ana ta "Allah ya kai ku lafiya", masu ba da saƙon addu'a suna bayarwa, wannan na neman haihuwa, wancan na neman aiki, Kirista ne duk, amma ba wanda ya ga laifin haka. Ni kitso ne sana'ata, ina barandarmu da kan wata a tsakanin gwiwoyina, ban tashi ba. Ban ankara ba Peace ta sulale.

"Iya! Iya! Jirgin sama za ki shiga?"

"Shi zan shiga, ƙawata. Me zan kawo miki tsaraba? Dabino? 'Yar tsana?"

Peace ta yi ɗan tunani. "Riga mai dogon hannu. Har nan." Ta nuna wuyan hannunta. "Don 'yan ajinmu su daina ce mini suya."

Ni kaina ban taɓa jin wannan ba sai ranar, tsinken kitso ya faɗi daga hannuna. Na ga fuskar Iya ta canza, bakinta ya buɗe, ta ɗago ta kalle ni ta kan mutane. Na ce a raina yanzu za ta faɗa. Na miƙe tsaye ma. Sai Isiyaku ya danna hon.

"Iya, za mu makara, ana jiranmu a sansanin alhazai." Ya leƙo ta taga ya kalle ni. "Madam, abin da ya wuce ya wuce. Tsohuwa ce, ki ji tsoron Allah."

"A wurinka ya wuce, Alhaji. Mu safe da yamma muke murza shi."

Ta shiga motar. Na je na janyo 'yata. Washegari na je makarantarsu na yi abin da uwa take yi, har sai da aka kira shugaban makaranta ya ba ni ruwa.

Makonni suka wuce. Kwaɗo a ƙofar Iya, teburinta a kife a jikin bango, kajinta kuma, don abin dariya, Maman Faith aka bar wa kiwo.

Ana gobe Sallah, da rana, ruwan sama ya ɗauke ke nan, ina zaune ina tsince wake, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, kiran bidiyo. Na ɗauka, sai ga fuskar wata mata da ban sani ba, gumi yana tsiyaya daga hijabinta.

"Ke ce Maman Peace? Ni Kande ce, daga Kakau, ɗakinmu ɗaya da Iya Larai. Muna filin Arfa. Tun ɗazu ta hana ni sakat sai na kira ki. Ga ta."

Da ƙyar na gane ta. Ta rame, ta yi baƙi, leɓɓanta sun tsattsage. Bayanta farin tanti ne, da mata zaune hannuwa sama, wasu suna kuka, muryoyi sun haɗu sun zama guguwa ɗaya.

"'Yata, kina jina?"

"Ina jin ki."

"Yau ce ranar. Tun da rana ta karkata muke roƙo. Na roƙa wa kaina gafara, na roƙa wa iyayena, da baban Isiyaku, da 'ya'yana. Na roƙa wa muminai duka, maza da mata, na raye da waɗanda suka riga mu. Malaminmu ya ce yau Allah yana yafe komai, komai girmansa, ban da haƙƙin wani. Wannan sai mai shi ya yafe." Ta ja numfashi. "Becky, a wannan rana mai ƙuna, duk lokacin da na ɗaga hannu, bayansa sanyi yake yi mini."

Na daina tsince waken. Ta ci gaba.

"Na ɗiga. Ranar da yaran nan suka kawo jarkar na ɗiga a hannuna, ya bushe nan take. Na sani. Na ce gobe zan mayar musu. Sai ga ki da kwalba, kina sauri, kika ce yarinya tana jin yunwa. Na ce a raina kwalba ɗaya ba za ta yi komai ba. Da hannuna na zuba miki. Wannan ne wanda na sani."

Shekara uku ina jiran wannan magana, ina zaton ranar da na ji ta zan samu sauƙi. Ƙarya ne. Ban san lokacin da faifan waken ya kife ba.

"Kika zauna a gefen gadonta kina jan carbi! Kika bar ni ina tambayar kaina ko ni ce na cika rishon, ko ni ce ban goge shi ba! Kika ba ta kunu a baki da hannun nan! Sai da kika tsallake teku, inda ba zan iya kama hijabinki ba, sannan bakinki ya buɗe?"

"Haka ne. Duk haka ne, 'yata. Ki yafe mini."

"Ni gira na rasa, kuma ta tsiro. Ba ni kika ƙona ba."

Sai ta ce, "To ba ni ita. Ba ni Peace in roƙe ta."

"A'a."

"Don girman wannan rana..."

"Na ce a'a. Yarinya 'yar shekara shida? Kin san abin da za ta ce. Ko hannun kika ce ta cire ta ba ki, 'to, Iya' za ta ce. Wannan ba yafiya ba ce, ƙwace ne. Kuma daga yau duk ta kalli hannunta fuskarki za ta gani. Ban yarda ba. Idan ta yi hankali ta zama mace, ni da bakina zan gaya mata abin da kika faɗa yau, ba ƙari ba ragi. Ranar ita za ta yanke."

"Ba zan kai ranar ba, Becky."

"To Wanda kike tsaye a gabansa ya fi ni sanin yadda zai yi da ke."

A daidai nan Peace ta faɗo daga waje, ƙafafunta duk taɓo.

"Muryar Iya ce! Mama, Iya ce?"

Kafin in juya wayar ta riga ta rataya a hannuna, fuskarta ta shiga ciki. Yatsana yana kan jan maɓallin nan. "Gaisuwa kawai," na ce, kuma ba da yarinyar nake ba.

"Iya! Kin ga ɗakin Allah? Iya, kajinki sun sake cinye ugun Maman Faith!"

Iya ta yi wata irin dariya, hawaye na bin fuskarta.

"Iya, kuka kike yi?"

"Rana ce, ƙawata. Ranar nan da zafi." Ta goge fuska da hijabinta. "Peace, ina so ki..."

Ga yarinyar a gabanta, ga ranar da take jira, kalma ɗaya ta rage mata. Ta kalli Peace, ta kalle ni. Na ga ta haɗiye.

"...ina so ki gaya mini wace kala kike son rigar."

"Ruwan hoda! Mai dogon hannu fa, Iya."

"Har nan," in ji Iya, ta ɗaga hannu ta nuna wuyansa. Hoton ya daskare a haka, sannan layin ya yanke.

Na durƙusa ina tsince waken daga ƙasa. Wilson kaɗai na gaya wa. Ya zauna a bakin gado, ya ce, "Ni kuma na yafe a bakin titi." Tun daga ranar shi yake murza wa Peace hannu da safe kafin ya tafi aiki.

Sallah ta zo ta wuce ba ƙamshin nama a layinmu. Kwana biyu bayanta motar Isiyaku ta tsaya, ya fito ya buɗe kwaɗon, aka fara shimfiɗa tabarmi. Iya ta faɗi ne a hanyar zuwa jifa, cikin rana. An kai ta asibiti a can, ba ta farfaɗo ba, kuma a can aka binne ta.

Danginta suka tsallako kogi suka cika gidan, wasunsu rabonsu da Mahuta tun kafin a haifi Faith. Na kai benci, na ɗebo ruwa, na dafa babbar tukunyar shinkafa a kan gawayi. Maƙwabciya ce, kuma ta yi mini wankan jego, wannan daban ne. Ina shiga ina fita ina jin suna cewa, "Ta dace. Ta tafi a wanke tas, kamar ranar da aka haife ta." Ina miƙa wa wata tsohuwa ruwa ta riƙe kofin ba ta sha ba, ta ƙare mini kallo.

"Ke ce wadda ta hana ta yafiya? To ga shi ta tafi. Sai ki jiƙa abinki ki sha."

Da na buɗe baki na faɗi abin da Iya ta gaya mini daga Arfa, da duk gidan ya yi shiru. Ya zo mini har maƙogwaro. Amma magana a layinmu ba ta kwana, kafin magariba ta isa kunnen Peace.

"Ni ce, Hajiya," na ce. "Ki sha ruwanki."

Har a coci wasu suka daina zama kusa da ni. Masu kitso biyu suka koma wani wuri. Na bar su. Peace kuwa ta yi kuka har ta gaji, sannan ta tambaye ni ko a can ma akwai kaji, sannan ta ce, "Rigata fa, Mama?" Na ce mata Iya ba ta samu lokaci ba.

Bayan alhazai sun dawo, wata ranar Asabar keke ya tsaya a bakin layi, wata mata ta sauko tana tambayar gidan mai kitso. Hajiya Kande ce. Na ba ta kujera, na kawo mata ruwa, na aiki Peace gidan su Faith.

"Ni na ji komai ranar," ta ce. "Amma bakina a rufe yake, kada ki damu. Bayan kun gama magana ba ta ƙara kuka ba. Ta ɗaga hannu har rana ta faɗi, ina kusa da ita, ban ƙara jin ta roƙa wa kanta komai ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa: Allah ka miƙar da hannun yarinyar nan, ka sanyaya mata fata, ka ba ta tsawon rai." Ta ciro leda daga jakarta ta ɗora mini a cinya. "Ta ce idan ba ta samu zuwa kasuwa ba, in saya. Biyu ta ce."

Na buɗe. Riguna ne ruwan hoda, iri ɗaya, masu dogon hannu da 'yar wuya mai tsayi. Ɗaya daidai Peace. Ɗayar ta budurwa ce, ko ni za ta yi mini.

"Ta ce babbar ta ranar ce, kin san ranar. Ta ce idan yarinyar ta ji komai a ba ta. In ta ga dama ta sa, in ta ga dama ta ƙona ta."

Na daɗe ina kallon rigar. Raina ya sake ɓaci, har na ji kunnuwana sun yi zafi. Ta san abin da ya dace, matar nan. Tun a bakin teburinta ta sani.

"Yanzu kin yafe mata?" in ji Hajiya Kande a hankali.

"Ba nawa ba ne, Hajiya."

"Haka ta ce za ki ce." Ta shanye ruwanta, ta yi mini sallama.

Na wanke rigunan duka biyu, don ba na sa wa yarinyar sabon yadi a fatar nan sai na wanke shi ya yi laushi. Kafin la'asar ƙaramar ta bushe. Peace ta sa ta, hannun ya sauka har wuyan hannu cif, ta yi ta juyi a tsakar gida, ta ruga ta nuna wa Faith, ta dawo tana haki. Sai ta hangi babbar a kan igiya, iska tana kaɗa hannayenta.

"Mama, wannan ta wa ce?"

"Taki ce. Sai kin girma."

Ta ja kujerata ta hau, ta kama hannun rigar, ta jera nata a jikinsa tun daga kafaɗa, tana ƙoƙarin miƙe shi iya ƙarfinta. Yatsunta suka tsaya a daidai gwiwar hannun.

"Da saura," ta ce.

"Da saura," na ce. "Sauko, lokacin mai ya yi."

Ta zauna a gabana, ta naɗe sabon hannun rigar da kanta har kafaɗa, ta ɗora mini hannun a cinya.